Tambaya a kan yawan fatar da ake yankewa a aikin gyaran murfin ido na sama da na ƙasa

Mai Ɗinki, Garwa

Assalamu alaikum. Ina gaishe da manya da ƙanana na wannan zaure, kuma ina neman a ba ni haske a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai.

Shekarata 54, sana'ata ɗinki ce, na fi shekara 30 ina taka keke. Kusan shekara huɗu ke nan fatar saman idanuna ta saki, ta sauko har tana kwanciya a kan gashin ido, musamman ta gefen waje, ta yadda idan la'asar ta yi sai in ga ina ɗage gira da ƙarfi kafin in iya zura zare a allura, goshina kuma ya yi ta ciwo har dare. Ƙasan idon ma ya kumbura kamar jaka, fatar wurin ta tattare, mutane suna ta tambayata ko ba na samun barci.

Da na je Yawunde wajen 'yata na ga likitoci biyu. Na farko ya dube ni ya ce zai yi mini sama da ƙasa rana ɗaya, ya rage fatar duka har wurin ya miƙe. Na biyu ya zaunar da ni, ya kama fatar da ɗan hantsaki, ya auna da ma'auni, ya ja murfin ƙasa ya sake shi, sannan ya ce a sama zai iya cire kusan santimita ɗaya, amma a ƙasa ba zai wuce milimita 2 ba, wataƙila ma ba zai taɓa fatar ba sam, kitsen kawai zai rage ta ciki. Gaskiya maganarsa ba ta yi mini daɗi ba, domin na ga kamar zan biya kuɗi mai yawa a bar mini rabin abin da ya kai ni.

Tambayata ita ce, da me likita yake gane iyakar fatar da zai cire, kuma me ya sa ake sakin hannu a sama a riƙe shi a ƙasa? Sannan mu masu baƙar fata, yaya tabon yake zama? Na gode.

Ma'aikacin Jinyar Ido, Marwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ba likitan fiɗa ba ne, ma'aikacin jinya ne a sashen ido, yawancin aikina kuma a kan masu yanar ido ne da waɗanda amosanin ido ya juya musu gashin ido ciki, amma na tsaya a kan irin wannan aiki, wanda a takardun asibiti ake rubuta shi bilefaroplasti, kuma na kula da waɗanda aka yi wa a wani wuri suka dawo gida.

Tunda ke tela ce, ba sai na yi miki dogon bayani a kan bambancin rage riga da ƙara mata ba. Likitan da ya san aikinsa ba ya fara lissafi daga abin da zai cire, yana farawa ne daga abin da dole ya bari, kuma ma'aunin da aka fi koyarwa shi ne a bar kimanin milimita 20 na fata tsakanin gindin gashin ido da ƙasan gira. Wannan ita ce rarar da ido yake bukata domin ya rufu ruf lokacin barci da lokacin ƙiftawa. Idan aka miƙar da fatarki aka auna aka sami milimita 30, to abin da ake da ikon taɓawa bai wuce 10 ba, wadda kuma tata ta tsaya a 25 ba ta da fiye da 5, ko da ita da ke sa'o'in juna ne kuma kuka shiga da ƙorafi iri ɗaya. Saboda haka babu adadi guda da ya dace da kowa, har idon dama da na hagu na mutum ɗaya sukan bambanta.

Ana yin zanen ne mutum yana zaune, kafin a yi allurar kashe zafi, domin allurar tana kumbura wurin ta ɓata awo. Layin ƙasa ana bin karin da Allah ya halitta a murfin ido, wanda a mata yakan kasance milimita 8 zuwa 10 sama da gashin ido, a maza kuma ya ɗan fi haka sauka. Daga nan sai a ce ki rufe ido a hankali, a sa baki ɗaya na hantsaki a kan wannan layi, a tattaro fatar da ta yi rara da ɗaya bakin, har sai gashin ido ya fara motsawa zai ɗaga. Nan ne iyaka, kuma mai hankali yakan ɗan ja baya daga nan. Ta gefen hanci ba a zarce ɗan ramin hawaye, domin idan aka zarce fata takan yi tantani kamar na ƙafar agwagwa, ta gefen waje kuwa akan ɗan karkata yankan sama domin a kwashe labulen nan da kika ce yana kwanta miki.

Akwai abu ɗaya da ya shafi mata musamman. Wadda take aske gira ta zana wata da fensir ta iya ruɗa mai awo, domin girar gaske tana wurin da fata ta fara kauri ne, ba wurin zanen ba. Ki je masa da fuskarki yadda take.

Kin ce kina ɗage gira har goshi ya yi ciwo, kuma wannan magana tana da muhimmanci fiye da yadda kike zato. Nauyin da mutum yake ji a saman ido yana iya fitowa daga wuri uku: ko fatar ce ta yi yawa, ko girar ce ta sauko ta turo fata ƙasa, ko kuma tsokar da take ɗaga murfin ce ta saki, bakin murfin da kansa ya rufe wani ɓangare na baƙin ido. Yanke fata yana maganin na farko ne kawai. Idan girar ce ta faɗo aka yi ta yankan fata, sai a ƙara janyo ta ƙasa, kuma da yake mutum yana daina ɗage goshi bayan aiki tunda nauyin ya tafi, girar takan ƙara sauka da kanta. Idan kuma tsokar ce, za a cire fata a tashi ido yana nan a lumshe yadda yake. Ki tambayi likitan a cikin ukun nan wanne ne naki, ko kuwa biyu ne suka haɗu.

Yanzu batun ƙasa, wanda shi ne ya ɓata miki rai. Murfin sama yana rataye ne, nauyinsa yana taimaka masa wajen rufewa. Murfin ƙasa kuwa a tsaye yake a jingine da ƙwayar ido, abin da yake riƙe da shi jijiyoyi biyu ne, ɗaya a kusurwar hanci ɗaya a kusurwar waje, kamar igiyar shanya da aka ɗaure tsakanin sanduna biyu, ga kuma kunci yana ja ta ƙasa kullum. Da shekaru igiyar takan saki. Idan aka gajarta fatar da ke ƙarƙashinta, ko da milimita kaɗan fiye da ƙima, to lokacin da rauni yake warkewa yana tsukewa sai ya janyo bakin murfin ƙasa, farin ido ya bayyana a ƙarƙashin baƙi, idon ya zama kewayayye kamar na wanda ya firgita, idan abin ya yi tsanani ma murfin ya juye waje jan cikinsa ya fito, hawaye ya riƙa bin kunci domin ramin da yake shanye shi ya rabu da ido. Jan murfin da likita na biyu ya yi ya sake, gwajin wannan igiya ce: idan ya koma mazauninsa nan take, da sauran ƙarfi, idan kuwa sai kin ƙifta yake komawa, ko ya nisanci ƙwayar ido da fiye da milimita 6 zuwa 8, to ya saki, kuma duk wanda zai taɓa fatar wurin sai ya haɗa da ɗaure kusurwar waje a jikin ƙashi. Shi ya sa ma a lokacin aikin akan ce wa mutum ya kalli sama ya buɗe baki, domin fata ta miƙe iyakar miƙewar da za ta yi a rayuwa, sai abin da ya yi saura bayan haka ake datsewa, kuma sau da yawa bai fi milimita 2 ko 3 ba.

Jakar da kike gani yawanci ba fata ba ce, kitse ne da yake kewaye da ƙwayar ido ya turo gaba, kashi uku ne a ƙasa, biyu a sama. Rage shi ta cikin murfi ba tare da an yanka fata ba tsohuwar hanya ce, wani likita Bafaranshe mai suna Bourguet ya bayyana ta tun 1924, kuma amfaninta shi ne ba ta barin tabo a waje kuma ba ta cika janyo murfi ƙasa ba. Ƙananan tamojin da suke fitowa idan mutum ya yi murmushi kuwa, wuƙa ba ta share su, wanda ya ce zai miƙar da su da yanka yana wasa ne da wurin da Hausawa suka ce garin gyaran gira a rasa ido.

Game da tabo, fatar murfin ido ita ce mafi siranta a jikin ɗan Adam, ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma tana warkewa da kyau. Tabo mai tudun nan da yake fitowa wasunmu a kunne ko a ƙirji ba kasafai yake fitowa a murfin ido ba, amma idan jikinki mai yinsa ne ki faɗa, musamman saboda wutsiyar yankan da take fita wajen kusurwa inda fata ta fi kauri. Abin da ya fi faruwa gare mu shi ne layin ya yi duhu na wasu watanni kafin ya dusashe, na sama kuma yana ɓoyewa a cikin kari. Idan aka ce za a ƙone tamojin ƙasa da na'urar leza ko da ruwan magani mai saɓule fata, nan ne baƙar fata take da haɗarin yin dabbare-dabbare. A ganina likita na biyu ya yi miki abin da ya kamata, tunda ya auna kafin ya yi alkawari.

Maman Tagwaye, Njamena

Yaya, ni an yi mini, don haka zan gaya miki abin da na gani da idona. Shekara uku da suka wuce na tafi wata ƙasa aka yi mini sama da ƙasa a zama ɗaya, kuma ni da kaina na riƙa matsa wa likitan cewa kada ya bar kome, tunda na yi doguwar tafiya ba zan sake dawowa ba. Bai ja murfina ya gwada ba, ban kuma san ana yin haka ba sai da na karanta bayanin Malam yanzu.

Saman ya yi kyau, ba ni da abin cewa a kansa. Amma bayan mako uku da dawowata, murfin ƙasa na hagu ya fara zamewa, farin ido ya fito, kuma maigidana ya ce idan ina barci idon ba ya haɗuwa. A can inda aka yi aikin iska tana da laima, ban ji kome ba, amma da hunturu ya shigo mana nan, ƙura ta tashi, sai na zama kullum kamar an zuba mini yashi a ido, ina tashi da asuba ido ja wur, hawaye yana zuba alhali idon a bushe yake. Na yi watanni ina ɗiga hawayen roba da rana, in shafa man ido da dare, ina kuma murza wurin zuwa sama kamar yadda wani likitan ido na nan ya koya mini. Ya ɗan koma amma bai koma duka ba, daga baya sai da aka ɗaure mini kusurwar. Likitan ya ce na yi sa'a, domin da fatar ta gaza fiye da haka sai an ɗebo wata daga bayan kunne an dasa, kuma dashen ba ya cika zuwa launi ɗaya da fuska.

Wanda ya yi mini aikin farko kuwa, hoto kawai nake tura masa a waya yana cewa in yi haƙuri kumburi ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, cewa babu wanda zai sa hannu ya duba. Duk inda za ki yi, ki tabbata wuri ne da za ki iya komawa. Idan bayan wata shida kika ga an bar rara, datse ta aiki ne na ɗan lokaci.

Ɗalibin Ilmi, Ngaundere

Baba Hajiya, ba ki tambayi hukunci ba, amma na san a gida za a tambaye ki. Malamai sun bambanta tsakanin gusar da cuta ko aibi da kuma sauya halitta domin ƙarin kyau kawai, kuma daga cikin hujjojinsu akwai labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tattauna aikin gyaran jiki a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta abin da yake na lalura ko na bukata, ta kuma hana cire tamoji da fiɗa sai idan ya kai matsayin cuta. Fatar da take tare miki gani har ta hana ki sana'a tana cikin kashi na farko a fahimtata. Ƙasan idon ne yake bukatar ki zauna da malamin da ya san ki, ki gaya masa gaskiyar abin da yake damun ki a wurin. Allah ya sa a dace.

Mai Ɗinki, Garwa

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Maman Tagwaye, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, labarinki ya sa jikina ya yi sanyi. Malam na Marwa, na tsaya gaban madubi na danne goshina da tafin hannu kamar yadda likitan ya yi, sai na ga girar hagu ta fi ta dama sauka, abin da ban taɓa lura da shi ba. Yanzu zuciyata ta karkata ga in yi saman kawai tukuna. Sauran tambayata: ina shan maganin hawan jini da asfirin kullum, kuma tun ina yarinya a ƙauye na yi ciwon ido mai kwantsa da ya daɗe. Shin waɗannan suna da nasaba da yawan fatar da za a cire? Yaya kuma zan yi da alwala da sujada, kuma wane lokaci na shekara ya fi?

Ma'aikacin Jinyar Ido, Marwa

Suna da nasaba ƙwarai, Hajiya. Ciwon da kika yi a yarinta yana iya zama amosanin ido, wanda ya daɗe yana addabar ƙauyukan jihar Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru da kuma Cadi, kuma yakan bar tabo a cikin murfin sama ya rage danshin ido ko da mutum ya manta ya taɓa yinsa. Ki sa likitan ido ya juya murfin ya duba cikinsa, ya kuma gwada yawan hawayenki. Idon da yake a bushe tun farko ba ya jure ko ɗan ratar rufewa, don haka irin wannan ana rage masa abin da za a cire, a kuma bar tsokar da take rufe ido ba a taɓa ta ba. Haka nan duk mai ciwon maƙoƙo da idanunsa suka firfito, ko wadda ta daɗe tana shafa man sauya launi da yake sirantar da fata, ya wajaba su faɗa kafin a yi zane.

Hawan jini da asfirin kuwa batun zubar jini ne. Abin da aka fi tsoro a wannan aiki, duk da cewa ba kasafai yake faruwa ba, shi ne jini ya taru a bayan ƙwayar ido ya danne jijiyar gani, kuma ya fi aukuwa a kwana na farko, musamman idan an taɓa kitse. Alamarsa ciwo mai tsanani ne da ya zo farat ɗaya, ido ya yi tauri ya turo waje, gani ya dusashe, kuma a nan ba a jiran gari ya waye, ana komawa asibiti ne a cikin sa'ar. Kada ki daina asfirin da kanki, likitan da ya rubuta miki shi da mai fiɗar su ne za su yanke shawara tare, kuma ki guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak da ake saye a bakin hanya. Jininki kuma ya zama a daidaice tun kafin ranar.

Ana cire zare bayan kwana 5 zuwa 7, kumburi da kwanciyar jini sukan ɗauki kamar mako biyu, ainihin kamannin wurin kuma sai bayan watanni yake bayyana. A kwana biyun farko ana ɗora tsumma mai sanyi mai tsabta, a kwana da matashi biyu domin kai ya ɗaga. Sunkuyar da kai yana tura jini zuwa fuska, shi ya sa likitoci suke hana shi a makon farko, don haka yawancin marasa lafiyarmu sukan yi salla a zaune suna nuni, ki tambayi mai fiɗar ranar da zai sake ki, ki kuma tambayi malaminki yadda za ki yi da wanke fuska kafin a cire zaren. Kwalli sai bayan mako biyu aƙalla, tsohon tandu kuma ki ajiye shi. Keken ɗinki ma ki ba shi hutun kwana goma, tunda aikinsa duƙawa ne da ƙura ido.

Game da lokaci, ni ba zan zaɓi Disamba zuwa Fabrairu ba, saboda ƙurar hunturu da bushewar iska, Maris da Afrilu kuma kin fi ni sanin zafin Garwa, inda ma'auni yake haura 40, gumi yana bin goshi yana shiga rauni. Damina ta fi sauƙi ga ido. Tunda 'yarki tana Yawunde, ki shirya zaman mako biyu a can, a cire zare, likitan ya sake ganinki ya duba rufewar idon da kansa, sannan ki hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ki kuma sa tabarau mai faɗi a motar da za ta ƙarasa da ke gida. Ranar zanen ki roƙe shi ya ba ki madubi, ya kama fatar da hantsaki kina kallo, ya faɗa miki milimita nawa za su rage tsakanin gashin ido da gira a kowane ido.